Ƙaramin Jirgi A Can Sama: Me Ke Lalacewa, Kuma Me Ya Sa Matuƙi Ba Ya Farga Da Wuri?

"Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai koyon tuƙin jirgin sama, har yanzu ina kan ƙananan jirage masu inji ɗaya, kuma ba mu cika wuce ƙafa 8,000 ba. Na sha jin labarin ƙananan jiragen da suka yi sa'o'i suna tafiya a sama matuƙi ba ya amsa kira, har mai ya ƙare suka faɗo. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, yaya lafiyayyen matuƙi zai suma alhali ga oksijin kusa da shi? Waɗanne kayan jirgi ne suka fi ba da matsala a can sama, kuma me ya kamata mutum ya fara yi idan abu ya lalace?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayar taka ta haɗa abubuwa biyu da ɗalibai kan karanta a darussa daban-daban, wato lafiyar kayan jirgi da lafiyar mai tuƙa shi, kuma ka yi daidai da ka haɗa su, domin a can sama ba sa rabuwa. Idan inji ya fara tari a ƙafa 3,000, matuƙi yana nan da hankalinsa cikakke, zai yi tunani ya nemi inda zai sauka. Amma idan tiyon oksijin ya zame a ƙafa 22,000, abin da ya fara taɓuwa shi ne hankalin da zai gane cewa tiyon ya zame. Wannan shi ne tushen amsar da zan ba ka, sauran bayanin duk a kansa ya rataya.

Abin da ke faruwa da jiki

Mutane kan ce oksijin ne ke ƙarewa a sama. A gaskiya kasonsa a cikin iska bai canja ba, kashi 21 cikin 100 ne a bakin teku, kashi 21 ne kuma a tsawon da jirage ke tashi. Abin da ke raguwa shi ne matsin iska, wanda ke tura oksijin daga huhu zuwa cikin jini. A ƙafa 18,000 matsin ya koma kusan rabin na bakin teku, saboda haka mutum zai cika huhunsa kamar yadda ya saba, amma abin da ke isa jini bai kai yadda jiki ke bukata ba. Ƙwaƙwalwa da ido su ne suka fi saurin jin wannan rashi. Da dare ganin matuƙi kan fara raguwa tun daga wajen ƙafa 5,000, shi ya sa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, take ba da shawarar a yi amfani da oksijin daga wannan tsawo da dare, da rana kuma daga ƙafa 10,000.

Akwai wani jadawali da ya kamata ka haddace, na tsawon lokacin da matuƙi zai iya yin aiki mai ma'ana bayan oksijin ya yanke masa. A ƙafa 18,000 minti 20 zuwa 30 ne. A ƙafa 25,000 minti 3 zuwa 5. A ƙafa 30,000 minti 1 zuwa 2, a ƙafa 35,000 kuwa daƙiƙa 30 zuwa 60 kacal. Idan iskar cikin jirgi ta fice farat ɗaya, waɗannan lokuta kan iya raguwa da rabi. Sai dai ka lura cewa matsakaicin lissafi ne da aka samo daga lafiyayyun mutane da ke zaune ba sa wani motsi. Mai shan taba, da wanda bai sami barci ba, da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba jininsa bai gama dawowa ba, duk nasu lokacin bai kai haka ba.

Yanzu ga ainihin abin da ka tambaya, wato yadda mutum zai suma ga oksijin a gefensa. Jikin ɗan Adam ba shi da ƙararrawa mai ƙarfi ta ƙarancin oksijin. Wannan ƙuncin da kake ji idan ka riƙe numfashi, taruwar iskar kabon dayoksaid ce ke jawo shi, a sama kuwa kana fitar da ita yadda ya kamata, don haka ba za ka ji an shaƙe ka ba. Abin da kan zo shi ne ɗan ɗumi a jiki, ko tsikari a yatsu, ko ciwon kai kaɗan, ko launuka su dusashe, ga wasu kuma wani irin nishaɗi da jin cewa komai na tafiya daidai. Matuƙi ya zama kamar mai gyangyaɗi da ke rantsuwa idonsa biyu. Yana jin an kira shi a rediyo, yana kuma da niyyar amsawa, amma sai niyyar ta tsaya a nan. Alamomin sun bambanta daga mutum zuwa mutum, amma na kowane mutum sukan maimaita kansu, shi ya sa horon da ake yi a ɗakin rage matsin iska yake da amfani ƙwarai: mutum ya ɗanɗana nasa alamomin a ƙasa, likita na tsaye a kansa. Idan ka taɓa samun damar wannan horo, kada ka bari ta wuce ka.

Kayan oksijin da na matsin iska

Ƙananan jirage iri biyu ne a wannan fanni. Akwai waɗanda ba a matse iskar cikinsu, matuƙi ya dogara ga tukunyar oksijin da tiyo. Akwai kuma masu matsin iska, waɗanda inji ke tura iska cikin ɗakinsu, wani bawul kuma yana sakin ta kaɗan-kaɗan, don a riƙe cikin jirgin kamar yana wajen ƙafa 8,000 ko ƙasa da haka, ko da yake jirgin kansa ya ninka wannan tsawo sau uku.

A iri na farko, abin da ke lalacewa yawanci ƙaramin abu ne har ka raina shi. An manta ba a buɗe bawul ɗin tukunya ba kafin tashi, tukunyar kuma tana can baya inda hannu ba ya kaiwa. Ko kan tiyo bai shiga soket ɗinsa sosai ba. Ko roba ta tsufa ta tsage a wurin lanƙwasa. Ko an cika tukunyar da zafin rana, agogo ya nuna ta cika, da aka hau sama sanyi ya kama ta sai allura ta sauka. Na taɓa tashi da wani matashin matuƙi a jirgi mai turbo, wato na'urar da ke matsa ƙarin iska cikin inji, muna wajen ƙafa 16,000, sai ya ja kujerarsa baya don ya miƙe ƙafa, ƙarfen kujerar ya danne tiyonsa. Bayan ɗan lokaci jami'in kula da zirga-zirga ya ba mu sabuwar lambar rediyo, matashin ya maimaita ta ba daidai ba, aka gyara masa, ya sake maimaita ta ba daidai ba, sannan ya kalle ni yana murmushi. Da na duba ɗan bututun gilashin da ke jikin tiyonsa, ƙwallon da ya kamata ya riƙa shawagi a tsakiya yana kwance a ƙasa. Na zare tiyon daga inda ƙarfen kujerar ya danne shi, na ce ya ja numfashi a hankali, cikin ƙasa da minti ɗaya ya dawo daidai, kuma har muka sauka yana cewa shi bai ji komai ba. Wannan ƙwallo shi ne shaidar cewa oksijin na gudana. Agogon tukunya ba ya gaya maka haka, abin da yake faɗa kawai shi ne akwai oksijin a cikin tukunya.

Ka san kuma cewa siririn tiyon hanci, irin wanda ake sa wa marasa lafiya a asibiti, iyakarsa ƙafa 18,000. Daga nan sai takunkumi mai rufe baki da hanci, kuma mai gemu mai kauri ya gwada nasa a ƙasa tukuna, domin gashi kan hana robar kama fuska. Sannan oksijin ba ya shiri da maiƙo: man leɓe da ake shafawa lokacin hunturu, ko man gashi, ko hannun da ya taɓa giris, duk suna iya kama wuta idan oksijin tsantsa ya same su.

Jirage masu matsin iska su ne suka fi ba da labaran da ka ji, saboda suna hawa inda lokaci ya fi ƙaranci, matuƙin kuma yana zaune ba takunkumi a fuskarsa. Ranar 25 ga Oktoba 1999 wani jirgi ƙirar Learjet 35 ya tashi daga Orlando zai je Dallas ɗauke da shahararren ɗan wasan golf Payne Stewart. Ba a yi minti 20 da tashi ba aka daina jin matuƙan. Jiragen yaƙin da aka tura sun ga gilasan gaban jirgin sun yi hazo kamar ƙanƙara ta kama su, jirgin kuwa ya ci gaba da tafiya a kan na'urar da ke tuƙa shi da kanta kusan sa'a 4 har mai ya ƙare, ya faɗi a jihar Dakota ta Kudu, mutum 6 suka rasu. Hukumar binciken haɗura ta Amurka, NTSB, ta ce matsin iskar ɗakin ne ya zube, matuƙan kuma ba su sami oksijin a kan lokaci ba. Shekara guda bayan haka, a Satumbar 2000, wani jirgi ƙirar King Air ya tashi daga Perth a Ostireliya zai yi gajeruwar tafiya zuwa Leonora, ya wuce inda za shi, ya ratsa ƙasar kusan sa'a 5, ya faɗi a jihar Queensland da mutum 8.

Wanda na fi so ɗalibai su nazarta shi ne haɗarin 5 ga Satumba 2014, domin a nan matuƙin ya ga alama, ya kuma yi magana. Sabon jirgi ne ƙirar TBM 900, mai shi gogaggen matuƙi ne, ya tashi daga Rochester a jihar New York zai je Naples a Fulorida tare da matarsa. Yana ƙafa 28,000 ya gaya wa jami'in kula da zirga-zirga cewa yana ganin wata alama da ba daidai ba, yana son ya sauka zuwa wajen ƙafa 18,000. Bai ce yana cikin halin gaggawa ba, saboda haka aka ba shi ƙafa 25,000 tukuna don akwai wani jirgi a ƙasansa. Kafin a gama share masa hanya maganarsa ta fara rikicewa, daga nan shiru. Jirgin ya wuce Fulorida, ya ƙetare Kuba, ya faɗa teku kusa da Jamaika. Masu bincike sun ɗora laifi a kan tsarin matsin iskar jirgin da ke iya kashe kansa ba gaira ba dalili, da kuma takardar matakan gaggawa da ta sa neman musabbabin matsala gaba da kare matuƙi daga ƙarancin oksijin. Mintocin da yake da su sun tafi wajen karatu da jira.

Abin da za a fara yi

Daga wannan za ka ga tsarin da nake koyarwa, kuma ba na sassautawa a kansa. Da zarar ƙararrawar matsin iska ta yi ƙara, ko ka ji alamar da ka san taka ce, ko ma kana shakka kawai, takunkumi ne farko, a buɗe shi a kan oksijin tsantsa, a tabbatar yana gudana. Sai a fara sauka zuwa ƙafa 10,000, ko mafi ƙanƙantar tsawon da duwatsun wurin suka yarda da shi. Sannan a faɗa wa jami'in kula da zirga-zirga da kalmar da ba ta da fassara biyu, wato Mayday, a sa lamba 7700 a na'urar da ke nuna jirgi a rada. Binciken abin da ya lalace sai an sauko. Doka ta ba matuƙi ikon kauce wa izinin da aka ba shi gwargwadon abin da gaggawa ta bukata, don haka ba a jiran izini kafin a ceci rai. Matasa da yawa na jin nauyin furta Mayday, suna gudun a ce sun firgita a banza ko a sa su rubuta rahoto. A ganina wannan kunyar ta fi tiyo da bawul haɗari, kuma malamai ne ya kamata su cire ta tun a makaranta.

Wani lokaci tsoro kan sa mutum saurin numfashi, alamominsa kuma sun yi kama da na ƙarancin oksijin. Kada ka tsaya tantancewa a sama. Ka sa oksijin, ka rage saurin numfashi, maganin ya haɗa duka biyun.

Game da doka, a Amurka matuƙi zai sa oksijin idan ya wuce minti 30 tsakanin ƙafa 12,500 da 14,000, sama da 14,000 kuma ko da yaushe, sama da 15,000 dole a tanadar wa kowane fasinja. Ma'aunin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ya fi tsauri, ƙafa 10,000 da 13,000 yake amfani da su. Ka karanta abin da dokar hukumar da za ta ba ka lasisi ta ce, amma ka ɗauke shi a matsayin iyakar ƙarshe. Ni daga ƙafa 10,000 nake sawa, ko da tafiyar gajeruwa ce.

'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin jini ta zama wajibi a wurina, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada adadin ya sauka ƙasa da 90. Amma tana da aibobi da ya kamata mu musamman mu sani. Yatsa mai sanyi ko jan farce mai duhu kan ruɗe ta. Wani bincike na Jami'ar Michigan da aka buga a 2020 ya nuna cewa ta fi yawan nuna adadi sama da na gaskiya a jikin baƙar fata. Saboda haka ina ba kaina rata, ba na jira sai ta kai 90, kuma idan jikina ya ce wani abu na'urar ta ce wani, jikina nake bi.

Hayaƙin da ba a gani

Akwai wani abu da wannan na'urar ba ta gani sam, shi ne kabon monoksaid. A yawancin ƙananan jirage masu fistin, hita na samun zafinta ne daga jikin salansa: iska na zagaya bututun hayaƙi ta ɗumama, sannan ta shigo ɗaki. Idan bututun ya tsage, hayaƙi ya biyo ta. Zafin iska na raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, don haka ko daga gari mai zafi ka tashi, a can sama za ka nemi hita. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, na'urar yatsa kuwa sai ta ƙirga ta a matsayin oksijin ta nuna maka lafiya lau. Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna Emiliano Sala, wanda jirginsa ƙirar Piper Malibu ya faɗa tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila ranar 21 ga Janairu 2019, yana hanyarsa daga Nantes zuwa Cardiff. An sami kashi 58 cikin 100 na wannan guba a jininsa, masu binciken Birtaniya kuma sun ce da alama matuƙin ma ya shaƙa. Jirgin bai yi nisa a sama ba a daren, to ka ƙiyasta yadda abin zai kasance inda dama oksijin ya yi ƙaranci. Ka sayi na'urar gano ta mai ƙara, ba ɗan katin nan mai canja launi da ke tsufa a manne ba wanda ya kula. Idan ta yi ƙara, a kashe hita, a buɗe kafofin iska, a sa oksijin, a sauka a fili mafi kusa.

Inji da sauran na'urori

Injin da ba shi da turbo na rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, kuma dole a rage masa mai daidai da raguwar iska, in ba haka ba ya riƙa tari fulogi su yi baƙi. Mai turbo yana riƙe ƙarfinsa, amma da tsada: turbo na aiki da ƙarfi, ga iskar da za ta sanyaya injin ta yi sirara, sai ka ga inji ya yi zafi a wurin da waje ke daskarewa. Idan ƙarfin inji ya faɗi kwatsam a irin wannan jirgi, ina ɗaukarsa tamkar bututun hayaƙi ne ya ɓalle har sai an tabbatar ba haka ba ne, domin hayaƙi mai tsananin zafi a cikin murfin inji gobara ce ke tafe, kuma maganinta sauka. Siririyar iska ba ta tare wutar lantarki sosai, don haka tartsatsi kan yi tsalle a cikin maganeto, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, ya tafi inda bai kamata ba, inji ya riƙa ɓata wuta. Shi ya sa ake matsa iska cikin maganeton wasu jirage masu hawa sosai. Man jirgi kan yi tururi a cikin bututu idan an hau da sauri da tanki mai zafi, allurar mai ta riƙa rawa, a nan famfon mai na lantarki ke taimakawa bisa yadda littafin jirgin ya tsara. Famfon iska mai juya agogunan da ke nuna kwanciyar jirgi shi ma yana shan wahala a sama, ga ƙanƙara da kan toshe bututun auna gudu idan an shiga gajimare ba a kunna masa hita ba. Duk waɗannan ana iya fama da su a sauka lafiya, muddin mai faman yana cikin hayyacinsa.

Sababbin jirage sun zo da na'urorin da ke saukar da jirgi da kansu idan matuƙi ya daina taɓa komai, har ma a 2020 aka amince da tsarin kamfanin Garmin mai kai jirgi fili ya sauke shi, a jirgin Piper M600. Ci gaba ne na gaske, amma yawancin jiragen da za ka tuƙa a farkon aikinka ba su da shi.

Kai da ke ƙafa 8,000

Kada ka ɗauka wannan magana ta manyan matuƙa ce kawai. Filin jirgin Jos yana wajen ƙafa 4,200, kuma ranar da zafi ya kai digiri 30 a can, inji da fukafukai za su yi aiki kamar suna kusan ƙafa 7,000, tun kana kan titin tashi. Hita da salansa suna jikin jirgin da kake koyo da shi yanzu. Tashin dare na zuwa a karatunka. Idan kana azumi, ka san cewa ƙishirwa da yunwa na rage juriyar jiki a sama, ka tsara tashinka da malaminka bisa haka. Mura ma ba a hawa da ita, domin kunne ko kogon hanci kan toshe lokacin sauka da ciwo mai hana tunani.

Sai batun fasinja, wanda ya shafe mu fiye da yawancin ƙasashen da ake rubuta littattafan tuƙi. Mai ciwon sikila na iya shiga rikicin ciwonsa idan oksijin ya ragu, har mai AS ma an san yana iya samun matsalar saifa a wuri mai tsawo. Kafin ka ɗauki kowa a jirgin da ba shi da matsin iska, ka tambaye shi cikin ladabi, ka tsara tafiyar a ƙasa-ƙasa idan da hali. Hukunci a kan wane ne zai iya hawa da wanda ba zai iya ba na likitan jiragen sama ne, ni matuƙi ne, iyakata in ce a je a gan shi. Haka nan matakan da na zayyana na gama-gari ne. Inda littafin jirginka ya faɗi gudu ko tsari na musamman don saukar gaggawa, shi za ka bi, kuma ka nemi malaminka ku gwada shi a sama kafin ka fara ɗaukar fasinja.